Yadda za ka gane ko tsohuwar Pijo mai tsatsa ta cancanci a tashe ta

Da wuya ka ratsa unguwa a Maraɗi, ko Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, ba ka ga wata 504 ko 404 jibge a gindin bedi ba, tayoyi sun nutse cikin rairayi, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Da yawansu suna da sauran rai. Amma wanda ya fara da sayen batir da fenti tun bai leƙa cikinta ba, kuɗinsa yake binnewa.

Takarda ce farko. Karɓi kart giriz, wato takardar rajistar motar, ka gwama lambar shasi da ke rubuce da wadda aka buga a jikin motar, harafi bayan harafi. In ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa ba a yi mata duwan ba, ko kuwa motar gado ce magada ba su daidaita ba, kada ka kashe mata ko dala sai an warware.

Daga nan sai ƙarƙashi, kuma a nan hukuncin yake. A jawo ta kan ramin garaji, ko a ɗaga ta a tokare da kututture mai ƙwari. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka tafi da tocila, ƙaramar guduma, turnabis da mayen ƙarfe. Tsatsar da ta tsaya a fuska, wadda burushin waya ke kankarewa ƙarfe ya fito fari, ba abin tsoro ba ce. Wadda ta kumbura tana ɓarewa kamar ɓawon itace ta ci kaurin kwanon sosai. In ka danna turnabis ya wuce, wurin ya mutu, sai yanka da walda.

Inda tsatsar take ya fi yawanta muhimmanci. Ita 504 ta ɗaukar mutane ba ta da shasi daban irin na Land Cruiser. Gangar jikinta ita ce ƙashin bayanta. Saboda haka ka tsananta bincike a dogayen ƙarafan da ke ƙasan ƙofofi, da wuraren kafa jak, da kan shokar gaba cikin ɗakin inji, da inda ƙarafan da ke riƙe da tayoyin baya suka kama jiki. Ƙofa ko murfin inji ko fuka-fukin taya, duk ana kwance su a sa wasu. Ramin da ke ƙarƙashin ƙafar direba ma mai walda zai toshe da kwano mai kaurin milimita 1. Amma in mazaunin shoka ya ruɓe gefe biyu, ko ka ɗaga motar ka ga ƙofofi sun daina rufuwa daidai, jikin ya sage. A nan shawararmu ita ce ka sayar da ita kaya-kaya.

Busasshiyar iskarmu na yi wa ƙarfe rangwame, shi ya sa motar da ta tsufa a nan ta fi wadda ta zauna Kwatano ko Lome, ko ta taka gishirin titunan Turai. Tamu tsatsar ta damina ce: ganyen bedi da ƙurar hunturu su toshe magudanar gindin gilashin gaba, ruwa ya sauka ƙarƙashin shimfiɗa ya kwana wata uku. Ɗage shimfiɗar, fitar da tayar safaya, cire batir ka ga mazauninsa. Sannan ka bi jiki da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne, wato ƙullun cike lotsawa, aka cusa aka rufe da fenti.

Sai inji, kuma kada a yi garajen tayar da shi. Zaro sandar bakin mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Cire buji huɗun, zuba cokali biyu na bakin mai a kowane rami, bar shi kwana uku, sannan a juya injin da hannu. In ya juya, a sauya mai da matata, a ba karbureta fetur daga galan, domin tsohon fetur na tanki ya zama danƙo. Bakanike ya auna matsin kowane silinda. In ɗaya ya gaza sauran da fiye da kashi 15 cikin ɗari, akwai aiki a zobba ko bawul. Abu guda da ke kashe injin 504 a hannun wanda bai san shi ba: rigunan silindarsa, wato bututun ƙarfen da fistan ke hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi, ruwa na zagaye da su. In an ɗage kan inji aka juya shi ba a danne rigunan ba, sai su motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin mai.

Birki da duk wani abu na roba, kada ma ka ɓata lokacin gwaji, rana ta gama da su. Bututun birki da na ruwa, bel, man birki, duka sabo. Taya kuwa, don sanin lokacin da aka yi ta, ka karanta lamba huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In uku ka gani, an yi ta tun kafin 2000.

Batun kayan gyara shi ne gatan 504. Ta fito a 1968, an kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, don haka abin da ya gagara a Maraɗi ana samunsa a Katsina ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Na 404 kuwa sai an sha nema, musamman gilashi da fitilu da kayan ado. Ka tabbatar da waɗannan suna nan lafiya kafin ciniki.

Yanzu ka zauna da mai walda da bakanike da mai fenti, kowa ya faɗi nasa a rubuce. Haɗa jimillar, ƙara rabinta a kai saboda abin da sai an buɗe ake gani, ka sa asirans da bizit, wato duba lafiyar mota na hukuma. Gwada da kuɗin irinta mai tafiya a kasuwa. In don sayarwa ne kuma lissafin ya zarce, bar ta. In motar mahaifi ce kake son ganin ta a titi, kuma ƙasanta ya ƙi turnabis, tashe ta, amma a jere: walda, birki, inji, waya, fenti a ƙarshe.