Babi na 6: Tsutsar Ciki a Kajin Gida

Kaza tana kiwo, tana cin tsaki da dusa, amma ba ta ƙiba. In an ɗauke ta sai a ji ta sakayau. Ƙwai ya ragu, 'yan tsaki sun ƙi girma, gashinsu ya yi buzu-buzu. A gidaje da yawa a nan Zariya, daga cikin Birni har Tudun Wada da Samaru, abin da ake fara yi shi ne a fasa kafso ja da rawaya a zuba a kaskon ruwa. Wannan kafso bai san da zaman tsutsa ba, don wata cuta daban aka yi shi. Kuɗi sun tafi, kaza kuma tana nan tana ramewa. Kafin a sayi magani sai an san abin da ke cikin kazar, kuma yawancin hanyoyin sanin suna nan cikin gida, ba sai an biya ko sisi ba.

Yadda tsutsa ke shiga kaza

Tsutsar da ke cikin hanjin kaza tana yin ƙwai, ƙwan ya fito cikin kashi. Ido ba ya ganinsa. In ya faɗi inda akwai danshi da inuwa, cikin mako biyu ko ƙasa da haka ya nuna. Wata kazar ta zo tono ta haɗiye shi tare da ƙwayar hatsi. Bayan mako 5 zuwa 8 ita ma tsutsar cikinta ta girma ta fara zuba nata ƙwan. Haka abin yake ta zagayawa a tsakar gida ɗaya, kuma ƙwan yana iya yin watanni a ƙasa mai laima bai mutu ba.

Wasu tsutsotsin kuma sai sun bi ta jikin wani ƙwaro tukuna. Tururuwa da ƙuda da buzuzu suna ɗaukar tsila. Fara da kyankyaso suna ɗaukar wata da ke zama a tumbin da ke gaban ƙundu. Tana, wadda ke fitowa bayan ruwan sama, tana ɗaukar iri fiye da ɗaya. Duk waɗannan kuwa su ne abin marmarin kazar gida. Shi ya sa abin ya fi tsanani da damina, musamman a watan Agusta lokacin da ƙasa ba ta bushewa.

Duba kaza da hannu da ido

Ku kama kazar, ku sa yatsu a ƙirjinta. A tsakiya akwai ƙashi dogo. In kaza tana da lafiya, tsoka ta cika shi ta gefe biyu. In kun ji ƙashin ya fito da kaifi, tsokar ta zube, to akwai abin da ke cin rabonta. Ku dubi zankonta da fuskarta: ja ne ko sun koɗe? Ku ɗaga jela ku ga ko kashi ya manne a gashin wurin. Ku buɗa gashin ƙarƙashin fiffike ma, domin ƙwarƙwata da ƙuma su ma suna ramar da kaza, kuma maganinsu daban ne.

Da sassafe, kafin a yi shara, ku leƙa akurki ku dubi kashin daren. Wani lokaci za ku ga farar tsutsa a kwance a ciki. Wani lokaci kuma 'yan fararen gutsattsari ne, suna motsi a kan sabon kashi. Waɗannan gaɓoɓin tsila ne. Amma kada rashin ganin komai ya ruɗe ku, sau da yawa kaza cike take da tsutsa kashinta kuma bai nuna ba. Akwai kuma wani kashi mai ruwan ƙasa, mai danƙo da wari sosai, da kaza kan yi jefi-jefi a yini. Wannan ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi ta.

Hanjin kazar da aka yanka

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace sauƙi, kuma ita aka fi sakaci da ita. Duk ranar da aka yanka kaza a gida, ko don baƙo ko don suna ko da salla, mai gyaran ta tana riƙe da amsar a hannunta. Maimakon a yi wurgi da hanjin, a shimfiɗa shi a faranti, a sa reza ko almakashi a tsaga shi a tsaye tun daga ƙundu har ƙarshe, a zuba ruwa kaɗan, a fita da shi haske.

A cikin ƙaramin hanji za a iya samun tsutsa fara, mulmulalliya, kamar taliya, tsawonta daga santimita 5 har sama da 10. Ita ce ta fi yawa a kajin gida, kuma in ta taru takan toshe hanjin ɗan tsako gaba ɗaya ya mutu. A nan dai za a ga tsila: ita faffaɗa ce, gaɓa-gaɓa, kanta a maƙale jikin hanji, in an ja ta sai ta tsinke. Can kusa da ƙarshe akwai wasu 'yan hanji biyu masu rufaffen baki. A tsaga su. Ƙananan fararen tsutsotsi da ba su wuce santimita ɗaya da rabi ba suna zama a ciki. Kaza ba ta cika damuwa da su ba, amma suna ɗauke da wata cuta mai lalata hantar talotalo. Wanda ke kiwon talotalo tare da kaji a fili ɗaya yana ganin ƙananan suna mutuwa, ga inda zai fara dubawa.

In ɗan tsako yana miƙa wuya yana buɗe baki yana neman iska, yana girgiza kai, ana iya samun jar tsutsa a maƙogwaronsa. Mace da namiji manne suke da juna, sai su yi siffar harafin Y. Sai dai mura da wasu cututtukan numfashi ma suna sa haka, don haka kada a yanke hukunci da wannan alama kaɗai.

A wani aji wata dattijuwa ta tambaya: "Malama, to in na ga tsutsar, naman ya haramta ke nan?"

"A'a, Inna. Waɗannan na kaji ne, ba sa zama a cikin mutum. Ku dafa namanku ya dahu ku ci. Hanjin ne kawai za a binne ko a ƙona."

"Ai mu kajin muke jefa wa, su yi ta wawaso."

"To ai kun mayar musu da abin da kuka cire ke nan, Inna."

Wanda ke son tabbaci, ya kwashi sabon kashi na kaji uku ko huɗu a leda mai tsabta, ya kai wa likitan dabbobi a ranar. Mu nan mun yi dace, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda ake duba kashi da madubin likita a ga ƙwan, a faɗi irin tsutsar.

Abin da ba tsutsa ba ne

In 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6 suna kashin jini, sun takure wuri ɗaya, fiffike a sake, wannan yawanci cutar koksidiya ce. Ita ma a hanji take, ta kashi take yaɗuwa, jiƙaƙƙen akurki ne gidanta. Amma ƙwayarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma maganin tsutsa ba ya kashe ta. Nata maganin shi ne irin su amprolium, kuma tana son gaggawa.

In kuwa kaji suna faɗuwa da yawa cikin 'yan kwanaki, da koren kashi, wasu wuyansu ya murɗe, musamman lokacin hunturu, ku yi zaton cutar Niyukasul. Ba ta da magani sai rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin rigakafin. Tsutsa a hankali take cin kaza, ba ta share akurki a mako ɗaya.

Zaɓen magani

A jikin kowane ƙunshi ko kwalba akwai babban suna na kamfani, akwai kuma ƙaramin rubutu mai faɗin ainihin sinadarin. Ƙaramin shi ne abin karantawa. Ku koyi gane waɗannan sunaye da ido. Piperazine yana fitar da babbar mulmulalliyar tsutsa kawai. Levamisole yana kama ta, ya haɗa da ƙananan, amma ba ya taɓa tsila, kuma in ya yi yawa yana illa. Fenbendazole da albendazole suna kama iri da yawa. Tsila ita ce mai taurin kai, praziquantel ya fi yi mata aiki. Kun ga amfanin tsaga hanji: wadda ta ga tsila ta sayo piperazine ta zubar da kuɗinta.

Ku saya a shagon maganin dabbobi, ku dubi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Garin magani da aka ƙulla a farar leda babu suna, ko da araha ne, ku bar shi.

Akwai masu jiƙa ɓawon maɗaci, ko su ba da 'ya'yan gwanda, tafarnuwa ko barkono. Iyayenmu sun daɗe suna yi, ba kuma za a raina ba. Matsalar ita ce babu awo, jiƙon yau daban na gobe daban. In kaza ta riga ta rame, ko an ga tsutsa cunkus a hanji, a nemo maganin da aka auna.

Ranar ba da magani

Yawancin magungunan a ruwan sha ake ba da su, kuma a nan ne kajin gida ke ba da wahala. In an sa magani a kasko aka sake su, za su ɗanɗana su ji ɗaci su tafi kwata ko gindin rijiya su sha. Don haka ranar magani a kulle suke yini. A hana su ruwa na awa biyu da safe, ban da lokacin tsananin zafi na Maris da Afrilu, sannan a ajiye ruwan maganin shi kaɗai. A ba dukkan kajin gidan rana ɗaya, har da zakara da waɗanda ake ganin lafiyarsu ƙalau.

Babbar kaza tana shan kusan rubu'in lita a yini, fiye da haka in ana zafi. Ledar fiya wata mai lamba 50cl rabin lita ce, biyu su ne lita ɗaya. Yawan garin da za a zuba a kowace lita yana rubuce a jikin ƙunshin, kuma ya bambanta daga wani magani zuwa wani. Kada a yi kirdado, kada kuma a ƙara don a ga aiki da wuri. In rubutun ya yi wuya, mai shago ko likita ya auna muku a gabanku. Wani maganin na yini ɗaya ne, wani na kwana 5 a jere. Na yini ɗayan akan maimaita shi bayan mako 2 zuwa 3, domin ƙananan tsutsotsin da suka tsira sun girma a lokacin.

Washegari a share kashin tas a fitar da shi daga gidan. A kuma duba kwana nawa takardar ta ce a jira kafin a ci ƙwai ko a yanka kazar. Kwanakin nan ba na wasa ba ne, saboda ragowar maganin yana cikin ƙwan, kuma yara ne suka fi cin sa. Sayar wa maƙwabta ƙwan a cikin kwanakin ma bai dace ba.

Gyaran wuri

Magani yana wanke cikin kaza ne kawai, ƙwan da ke ƙasa yana nan yana jira. Rana da bushewa su ne ke kashe shi, kuma ba ma rasa su a Zariya. A riƙa share akurki kullum, a buɗe shi rana ta shiga. In mai ɗaukuwa ne a riƙa sauya masa wuri. In ana shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako, da ya jiƙe a kwashe. Wurin wanke-wanke da gindin randa da bakin kwata, inda ƙasa ba ta bushewa, a cike su da yashi ko tsakuwa a gyara wa ruwa hanya.

Watsa hatsi a ƙasa al'ada ce da ya kamata a rage. A zuba a faranti ko kwano, a ɗora kaskon ruwa kan bulo don kada su taka shi da ƙafa mai kashi, a wanke shi kowace safiya. Kashin kaji taki ne mai kyau, a tara shi nesa da inda suke kiwo har ya ruɓe, sannan a kai gona.

'Yan tsakin da ba su kai wata 3 ba su tsutsa ta fi kayarwa. In da hali a ware su da uwarsu a wuri busasshe, a ƙara musu abinci mai gina jiki da ɗan ganyen zogale, don kaza mai ƙoshi ta fi jure wa tsutsa. Sabuwar kaza daga kasuwar Sabon Gari ko wadda aka kawo daga ƙauye, a ware ta mako 2, a ba ta magani kafin ta shiga cikin sauran. Wannan har da kajin gidan gona irin su Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, domin da sun taka ƙasa sun fara tono, su ma za su ɗauka.

Ga kajin da ke yawo, a ba da magani a farkon damina wajen watan Mayu, a sake bayan ɗaukewar ruwa wajen Oktoba. Tsakanin nan, abin da hannu ya ji a ƙirji da abin da ido ya gani a hanji shi zai nuna ko akwai buƙatar ƙari.

Aikin gida

1. Kuna da manyan kaji 8. Lita nawa na ruwa za su sha a yini? Ledar fiya wata nawa ke nan?

2. A ce, don lissafi kawai, takardar wani magani ta ce giram 10 a lita 10. Giram nawa za a zuba a lita 2?

3. An ba da magani ranar 3 ga wata, takarda ta ce a jira kwana 7. Wace rana za a fara cin ƙwai?

4. Ku zo aji da ƙunshin maganin kaji da babu komai a ciki. Za mu nemo ƙaramin sunan da ranar ƙarewar aikinsa, kowa ya kwafa a littafinsa.