Yadda zaka auna jin ɓera da kwamfuta

Ɓera dai ba zai buɗe baki yace maka "naji" ba, shi yasa masu bincike ke sauraron jijiyar kunnensa kai tsaye, gwajin da ake kira ABR kenan, wanda wasu masu bincike, Jewett da Williston, suka yi bayanin igiyoyinsa a 1971, wato tuddan da amsar jijiyar ke zanawa a allon kwamfuta.

Kafin komai ka samo amincewar kwamitin kula da dabbobin bincike na makarantarku. Sai a ɗora ɓeran a sikeli, ayi masa allurar barci, yawanci ketamin haɗe da zailazin gwargwadon nauyinsa, kuma gaskiya wannan ɓangaren a barwa likitan dabbobi. Ka kwantar dashi kan shimfiɗa mai ɗumi jikinsa ya tsaya wajen digiri 37, domin da sanyin hunturun Kaduna ɓeran da yake barci nan da nan jikinsa ke yin sanyi, igiyoyin su riƙa makara kai kuma ka ɗauka kunnen ne ya samu matsala.

Siraran allurai uku masu waya ake sokawa ƙarƙashin fata, ɗaya a tsakiyar kai, ɗaya bayan kunnen da ake gwadawa, ɗaya can wajen cinya. Lasifika kusa da kunne. Ka fara da ƙara mai ƙarfi kamar desibel 90 kana saukowa da 10, in ka kusa ƙarshe ka koma 5, a 8 da 16 da 32 kilohaz (ma'aunin sirantakar ƙara), tunda su ɓeraye sun fimu jin siririyar ƙara nesa ba kusa ba.

Toh ga inda aikin yake. Amsar da jijiyar ke bayarwa 'yar mitsitsiya ce, 'yan mikrobolt ne kawai kuma cikin milisakan 10 na farko ta gama, dole kwamfuta ta maimaita ƙarar sau 512 ko ma fi ta haɗa ta fitar da matsakaici kafin kaga wani tudu a allo. Wutarmu kuma 50 haz ce, tana kutsawa cikin wayoyin, ga janareta ga cajar waya da wani ya manta a soket. Na'urar da ke ƙarfafa siginar jijiyar ta zauna a kan batir, a cire duk abinda ba'a buƙata, a nannaɗe wayoyin uku tare, a rufe akwatin da aka sa ɓeran ciki, mai tare ƙarar waje, ruf. Tace siginar a bar daga 300 zuwa 3000 haz kawai yana taimakawa amma baya gyara aikin ganganci.

Mafi ƙanƙantar ƙarar da har yanzu ake ganin igiya a kanta itace iyakar jinsa. Ka maimaita wannan matakin, in tudun bai dawo wuri ɗaya ba hayaniya ce, kar ka rubuta. Ɓeran kuma a barshi a ɗumi shi kaɗai har sai ya farfaɗo ya fara yawo.