In likita ya ce kansar matarka ba ta warkewa

Ranar da likita ya ce mana kansar nonon maiɗakina ta kai ƙashi, ya ce daga yanzu danne ta za a riƙa yi kawai, wallahi ban san yadda muka iso gida ba. Shekara 2 kenan muna ciki, shi ya sa nake so in yi magana da maza 'yan uwana, don mu mun saba da an ce jinya sai mu turo ƙanwarta ko gwaggonta, mu namu biyan kuɗi da leƙowa a ce "ya jiki".

Sayi littafi, irin na 'yan makaranta ma ya isa. Ranar kemo (wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake yi mata a asibiti), sunan magani, sakamakon jini, abin da za ka tambayi likita, duk rubuta, don in kun shiga ofis ɗin kanka ɗaukewa yake. Nata kemo ɗin duk sati 3 ne, kuma sai an gwada jini tukun, in ya yi ƙasa a ɗaga ranar, to kar ka tada hankalinka in an maido ku.

Wurin da nake so ka fi buɗe ido shi ne kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, lokacin ne garkuwar jiki ke faɗuwa sosai. Ajiye abin gwada zafin jiki a gida, in ya kai 38 ko tana rawar sanyi kar ka ba ta farasitamol ka ce bari gari ya waye, ɗauke ta sai asibiti ko ƙarfe 2 na dare ne, ka faɗa musu tana kan kemo. A kwanakin nan ne kuma za ka zama mugu a idon dangi, ɗaki ya cika da 'yan dubiya wata na tari wata da goyo mai mura, ni dai tabarma nake shimfiɗa musu a tsakar gida in ce ta samu barci. An yi ta gulmata, na shanye.

Abinci kuwa kar a yi faɗa a kai. Bakinta ɗaci yake, ƙamshin suya ma tayar mata da zuciya yake, kunu rabin kofi yanzu, an jima dafaffen ƙwai, ya fi a cika mata kwano tana kallo.

Maganin ciwo a sha kan lokacinsa, kar a jira sai ta fara murƙususu. In an rubuta mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi, kar ka tsorata, sai dai yana sa bayan gida ya yi tauri, ka nemi a haɗa da mai sassauta ciki. Masu kawo jiƙo da sassaƙe suna cewa a bar asibiti, ka yi musu godiya, amma kar komai ya shiga bakinta sai likitanta ya gani.

In an ce gashi, wato a ƙona kansar da hasken inji, ba kowane asibiti ke da injin ba, irin su Shika a Zariya ko babban asibitin ƙasa na Abuja ake turawa, buga waya ka tabbatar yana aiki kafin ka kashe kuɗin mota.

Wani dare ta ce min Baban Ummi, ɗauko biro, akwai bashin da ake bina da wanda nake bi. Na ce haba daina wannan maganar, ta yi shiru ta juya baya. Da safe na ɗauko littafin na zauna bakin gado, ta fara da dubu 4 na mai kitso.