Kurakuran da aka fi yi wajen kula da kaset ɗin adana bayanai

Kaset ɗin LTO, wato kaset mai tef na adana bayanan kwamfuta, wanda kamfanonin HP da IBM da Seagate suka fito da shi a shekarar 2000, yana da juriya ƙwarai. Masu ƙera shi sun ce yana kai shekara 30 idan an adana shi yadda ya kamata, kuma guda ɗaya na LTO-9, wato ƙarni na tara na irin wannan kaset, yana ɗaukar terabait 18 ba tare da an matse bayanan ba. A cikin rumbun ajiya, inda hannun inji ke ɗauko shi ya saka a draif (na'urar da ke karanta kaset da rubutu a kansa) ya mayar, da wuya ya samu matsala. Yawancin ɓarnar a hannun mutane ake yin ta, kuma ba ta fitowa fili sai ranar da aka tashi maido da bayanai.

Babba a cikinsu shi ne kaset ya suɓuce ya faɗi, a ɗauka a kakkaɓe, a ga jikinsa bai fashe ba, a mayar da shi rumbu. A gefen kaset akwai 'yar ƙofa mai zamewa, a bayanta kuma wani ɗan siririn ƙarfe ne a maƙale a bakin tef ɗin. Shi draif ke kamawa ya jawo tef. Faɗuwa ɗaya na iya fitar da shi daga mazauninsa, ko ta lanƙwasa gefen tef. Aka saka irin wannan kaset, yana iya maƙalewa a cikin draif, asarar ta zama biyu. Don haka duk wanda ya faɗi, a tura ƙofar a hankali a leƙa ko ƙarfen na zaune daidai, kada yatsa ya taɓa tef. Ko da ya yi kyau a ido, ni dai shawarata ita ce a kwashe bayanan zuwa sabon kaset, shi kuma a cire shi daga aiki.

Sai gaggawa. Kaset ya fito daga mota ko daga ɗaki mai wani yanayi daban, nan take a cusa shi cikin draif. Bambancin zafi da sanyi na sa raɓa ta kwanta a kan tef. A bar shi awa 24 a ɗakin da zai yi aiki kafin a yi amfani da shi. Sabon LTO-9 ma yana da nasa: karon farko da aka saka shi, draif zai daidaita shi, abin da kan ɗauki har awa biyu. Kada a katse shi da zaton ya tsaya ne.

Wurin ajiya na dogon lokaci ya kasance tsakanin digiri 16 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyos, danshi kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, kowane kaset a tsaye cikin akwatinsa, nesa da rana da ƙura da maganaɗisu.

Maganaɗisun nan yana buƙatar ƙarin bayani, domin wasu na amfani da na'urar goge tef mai maganaɗisu da nufin su sake rubutu a kai. Tef ɗin LTO yana da layukan jagora da aka rubuta tun daga masana'anta, su ne kan draif, wato sashen da ke karatu da rubutu, ke bi. Na'urar za ta share su tare da bayanan, kaset kuma ya mutu ke nan har abada. In sake amfani ake so, a goge ta cikin manhaja.

Sitika ma tana jawo rigima fiye da yadda ake zato. Rumbu da lambar da ke jikinta yake gane kaset, haruffa shida sannan alamar ƙarni kamar L8 ko L9. A manna ta cikin ɗan gurbin da aka tanada kaɗai, a miƙe, a kuma ɓare tsohuwa kafin a sa sabuwa. Wadda bakinta ya ɗago tana iya saɓulewa a cikin injin.

Kaset ɗin shara kuwa, wato wanda ake sakawa don tsabtace cikin draif, wasu kan mayar da saka shi aikin kowane mako. A jira draif ya nemi shara da kansa. A kuma lura da ƙidaya, domin ba ya wuce amfani sau 50.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne kaset lafiya lau amma ba a iya karanta shi. Tun daga LTO-4 ana iya kulle bayanai da makullin sirri, kuma idan makullin ya ɓata babu mai buɗe su, don haka a ajiye kwafinsa a wani wuri daban. Haka nan sauya draif: har zuwa LTO-7, draif na karanta ƙarni biyu na baya, amma LTO-8 da LTO-9 ƙarni ɗaya kawai suke komawa. Wanda ke da tarin LTO-6 ya sayar da tsohon draif ya sayi LTO-8, ya rufe wa kansa ƙofa. Kafin a rabu da tsohon draif, a kwashe komai zuwa sabon ƙarni, sannan a ɗauko wasu kaset a maido da fayiloli daga cikinsu a buɗe a gani da ido.