Yadda na tsayar da tsatsa a tsohuwar jaridar yaƙi

Kwafi ne na The War Illustrated na 1940, jaridar hotuna ta Landan, wanda ƙarafan ɗinkinsa biyu suka yi tsatsa har ta fara cin tsakiyar shafi. Danshi ne sanadi. Takardar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma mai araha ce, tana yin tsami da kanta, sai ta koma ja, tana karyewa.

Na miƙar da ƙafafun ƙarafan daga ciki da siririn bakin wuƙa, na zare su ta baya, na share garin tsatsar da burushi mai taushi. Tabon na bar shi. Bilic ko lemun tsami raunana takardar suke yi.

Ramukan da tsatsar ta yi na toshe da siririyar takardar Japan (wadda ake gyaran littattafai da ita) da kunun sitacin alkama a matsayin gam: awo 1 na sitaci, 4 na ruwa, a dafa minti 20 ana juyawa, a tace in ya huce. A shafa kaɗan ƙwarai, don jiƙa tana sa shafi ya tanƙware. Na danne da littafi mai nauyi tsakanin takardu masu tsotse danshi har kwana.

Kada a kuskura a sa salatef, gam ɗinsa yana ratsa takarda.