Kurakuran da makarantunmu suka fi yi wajen koya wa yara ƙirƙira da sana'o'in zamani

Na daɗe ina koyarwa a makarantun sakandare a Jos, kuma a 'yan shekarun nan da wuya a tashi taron iyaye da malamai ba a yi zancen kwamfuta da fasahar zamani ba. Niyyar tana da kyau, sai dai sau da yawa kuɗi ake kashewa, yaro kuma ya gama makaranta bai iya yin komai da hannunsa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar sayen kayan aiki a matsayin gyaran ilimi. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, an kawo kwamfutoci 20, aka jera su a ɗaki mai ƙofar ƙarfe, aka lulluɓe kowace da leda saboda ƙurar hunturu, makullin kuwa yana aljihun mutum guda da ke tsoron a ce a hannunsa kaya suka lalace. Ba a buɗe ɗakin sai ranar da manyan baƙi za su zo, alhali ɗalibai suna aji suna zana hoton kwamfuta a littafi suna haddace sunayen sassanta. Ga shi kuma tun 2015 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, saboda haka akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya taɓa linzamin kwamfuta, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Ciwon tsoho ne, domin bayan an fara tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a 1982 an shigo da injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Maganin shi ne kafin a sayi komai a fara tantance wanda zai koyar, da wutar da za a yi aiki da ita, da wanda zai gyara idan abu ya lalace. Kwamfutoci biyar da ƙaramar sola da jadawalin da ya ba kowane aji lokacinsa a mako sun fi 20 da ke kulle, kuma ya kamata a ware kuɗin gyara tun farko domin malami ya daina fargabar barin yara su taɓa.

Sai kuma maganar hadda. Hadda tana da gurbinta, kuma duk wanda ya tashi a makarantar allo ya san darajarta, amma ba da ita ake fahimtar dalilin da ya sa ƙwan fitila ke kamawa idan an haɗa waya da batir ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kashe tambaya: yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa haka?" sai a ce masa ya cika iyayi, gobe kuma ba zai ƙara ba. Ladabi da tambaya ba sa karo da juna. Malami zai iya ware mintuna goma na ƙarshen darasi domin tambayoyin ɗalibai, ya ba da maki a kan hanyar da yaro ya bi ko da amsarsa ba ta fito daidai ba, ya kuma bar shi ya fara bayani da Hausa idan Turanci ne ya ɗaure masa harshe, daga baya a taimake shi ya mayar.

Mu iyaye ma muna da namu laifin, wato raina aikin hannu. Har yanzu a gidaje da yawa yaron da ake ganin boko ya ƙi shi ne ake kai wa gareji ko shagon walda, kamar horo. Abin takaicin shi ne a nan Jos hedikwatar ITF take, asusun horar da ma'aikata da aka kafa a 1971, wanda ya ɓullo da shirin SIWES na tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki, amma ɗalibai da dama sun mayar da shirin neman sa hannu a littafin rahoto kawai. Makaranta ba ta buƙatar jiran gwamnati kafin ta gyara wannan. Za ta iya ƙulla yarjejeniya da amintattun masu gyaran waya na titin Ahmadu Bello, ko kafintocin kasuwar Katako, ko masu haɗa sola, ɗalibai su riƙa zuwa a lokacin hutu da sanin iyayensu, malami yana leƙa su, su dawo aji su bayyana abin da suka koya. Kada kuma a ce 'yan mata ɗinki da girki kaɗai ne nasu, domin na ga yarinyar da ta fi dukan 'yan ajinsu iya riƙe ƙarfen narka dalma.

Akwai kuma ɗabi'ar kwafo aikin gwaji daga intanet, ko ma a biya wani ya haɗa, a kai baje koli a karɓo kyauta. Ƙirƙira takan taso ne daga matsalar da yaro yake gani da idonsa, mu kuwa ba mu rasa su ba. Tumatir na ruɓewa a kasuwar Farin Gada idan kaya suka yi yawa, manoman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu suna fama da ciwon da ke ƙone ganye da damina, ga tafkunan da haƙar kuza ta bari ana noman rani da ruwansu. A raba aji rukuni-rukuni, a ce wani rukunin ya haɗa akwatin busar da tumatir da katako da leda mai haske, ya auna kwana nawa yake ɗauka idan aka kwatanta da shanya a ƙasa; wani kuma ya riƙa rubuta farashin kwando kowane mako na zango guda, ya shigar a kwamfuta, ya fitar da jadawalin hawa da saukarsa. Idan akwatin farko bai yi ba, a sa su rubuta dalilin, su sake haɗa wani a mako mai zuwa, a kuma gayyato ɗaya daga cikin dillalan kasuwar ya zo aji ya duba ya faɗa musu ko zai iya sayensa.