Yadda Ake Kallon Zango na Tara na American Horror Story Ba Tare da An Haɗa Ƙage da Tarihi Ba

Wanda ya yi niyyar kallon zango na tara na shirin talabijin mai ban tsoro, American Horror Story, wanda aka yi wa laƙabi da 1984, ba ya buƙatar ya fara bin zanguna takwas da suka gabace shi, domin Ryan Murphy da Brad Falchuk sun tsara shirin ne yadda kowane zango yake da labarinsa da mutanensa. Tashar FX ta Amurka ce ta fara nuna shi ranar 18 ga Satumba, 2019, kashi tara ne gaba ɗaya, kuma kowane kashi bai kai awa guda ba. Abin da mai kallo yake buƙata shi ne ɗan shiri kafin ya zauna, musamman saboda ɗaya daga cikin makasan da ke cikin labarin mutum ne da ya taɓa rayuwa, ya kuma kashe mutane da gaske.

Ka fara da zaɓen wuri da lokaci. Wannan shiri na manya ne zalla, akwai zubar da jini a fili, da maganganun batsa, da wuraren da bai dace a gani tare da iyali ba. Kada ka sa shi a talabijin ɗin falo inda yara suke shiga da fita. Na taɓa kunna kashin farko da daddare ina zaton kowa ya yi barci, ashe wani yaro na tsaye a bakin ƙofa yana leƙe, kuma ya yi kwanaki yana farkawa a firgice saboda ƙarar makullai da ya ji. Tun daga ranar a waya nake kallon irin wannan, da abin sauraro a kunne. Idan Turancin Amurka yana yi maka sauri, ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, domin yawancin alamun da ke tona asirin labarin a cikin hira aka ɓoye su.

Sai kuma ka fahimci inda abin yake faruwa. A Amurka akwai al'adar tura yara sansanin hutu a lokacin dogon hutun makaranta, galibi a cikin daji kusa da tafki, inda suke kwana a ɗakunan katako, matasa 'yan kwangila kuma suna kula da su. Babu iyaye, gari yana da nisa, kuma a 1984 babu wayar hannu a aljihun kowa. Wannan keɓewar ita ce tushen tsoron. Sansanin da ke cikin shirin, Camp Redwood, ƙirƙirarre ne, an ajiye shi a jihar Kalifoniya. Labarin ya fara da wasu matasa biyar, Brooke da Montana da Xavier da Chet da Ray, waɗanda suka bar birnin Los Angeles suka karɓi aikin kula da yara, a daidai lokacin da birnin ya cika da baƙin gasar Olamfik. Matar da ta sake buɗe sansanin, Margaret Booth, ita kaɗai ce ta tsira daga kisan gillar da aka yi a wurin a 1970, aka kuma ɗora laifin a kan mai sharar sansanin, Benjamin Richter, tsohon sojan yaƙin Biyetnam, wanda ake kira Mr. Jingles saboda tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunsa.

Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne ka raba makasan nan gida biyu tun kafin ka fara. Mr. Jingles marubuta ne suka ƙago shi, don haka duk tausayi ko ƙiyayyar da ka ji game da shi ba ta taɓa kowa ba. Richard Ramirez kuwa, wanda jaridu suka yi wa laƙabi da Night Stalker, ba haka yake ba. Ya addabi Kalifoniya tsakanin 1984 da 1985, yana haura gidaje cikin dare yana kashe waɗanda ya tarar, har da tsofaffi, ya kuma yi wa mata fyaɗe. Mutanen wata unguwa a gabashin Los Angeles ne suka gane fuskarsa daga hoton da aka buga a jaridu, suka bi shi suka danne shi ranar 31 ga Agusta, 1985, kafin 'yan sanda su iso. A 1989 kotu ta same shi da laifin kisan mutum 13, ta yanke masa hukuncin kisa, amma ciwon daji ya kashe shi a 2013 tun ba a zartar da hukuncin ba. Bai taɓa zuwa Camp Redwood ba, kuma abin da shirin ya nuna na cewa Shaiɗan yana tashinsa duk lokacin da aka kashe shi ƙage ne tsagwaronsa, wanda aka gina a kan iƙirarin da ya riƙa yi na bautar Shaiɗan.

Ina jaddada wannan ne saboda shirin ya yi masa ado. An ba shi baƙar rigar fata da gashi mai kyau da kiɗa mai daɗi a bayansa, har mai kallo yakan tsinci kansa yana jiran fitowarsa. A ganina marubutan sun yi kuskure a nan, domin waɗanda suka tsira daga hannunsa da 'ya'yan waɗanda ya kashe suna raye lokacin da aka nuna shirin. Duk sanda ya bayyana a allo, ka tuna cewa ɗan wasa ne mai suna Zach Villa kake gani, kuma ainihin mutumin bai cancanci ko ɗigon burgewa ba.

Game da tsarin kallo, ka bi kashi-kashi a jere, kada ka tsallake ko ɗaya. Kashi biyar na farko kusan duka a dare guda suke faruwa, saboda haka ya fi kyau ka kalle su cikin kwana biyu ko uku, tun ba ka manta wanda ya bi ta ina da wanda ya rabu da wa ba. Daga kashi na shida, wanda shi ne na ɗari a tarihin shirin baki ɗaya, labarin yakan tsallaka zuwa 1989, kashi na bakwai ya koma 1948 don nuna yarintar Richter da mahaifiyarsa, na ƙarshe kuma ya iso 2019. Ka riƙa lura da shekarar da ake ciki. Akwai kuma doka ɗaya da za ta warware maka ruɗani: duk wanda ya mutu a cikin harabar sansanin yakan zama fatalwa, ya maƙale a wurin, don haka ganin wanda aka kashe yana yawo ba kuskuren masu shiri ba ne.

Kada ka karɓi labarin kowa a karon farko. Kowanne daga cikin matasan nan ya zo da abin da yake ɓoyewa, kuma bayanin da aka ba ka a kan daren 1970 daga bakin mutum ɗaya kawai ya fito. Ba zan faɗi fiye da haka ba don kada in ɓata maka kallo, sai dai ka sa ido sosai a kan John Carroll Lynch, wanda ya fito a matsayin Richter. Da wuya yake magana a farkon zangon, amma yadda fuskarsa take sauyawa idan aka ambaci abin da ake zarginsa da shi ya fi duk wani ihu da gudu a cikin daji tasiri, kuma saboda shi ne nake ganin zangon ya cancanci a kalle shi har ƙarshe.

Idan ka gama kashi na huɗu, ka dakata, ka koma mintunan farko na kashi na ɗaya inda aka nuna ɗakin kwanan nan na 1970, ka sake kallonsu a hankali, sannan ka ci gaba zuwa na biyar.